An Rufe Maƙetara, Jiniya Ta Yi Shiru: Halin Da Masu Kallon Jirgin Ƙasa Su Ke Ciki A Amurka

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa irin kallon jirgin ƙasa. Ba ma'aikatan reluwe ba ne, ba kuma matafiya ba. Cikinsu akwai malaman makaranta da akawuna da likitoci da tsofaffin da suka bar aiki, har da yara ƙanana. Ran da babu aiki sai mutum ya ɗauki kyamara da littafi, ya tafi bakin dogo ya zauna tun safe har la'asar, yana rubuta lambar ko wane kan jirgi da ya wuce, da sunan kamfaninsa, da yawan taragun da ya ke ja. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin kuwa ya daɗe, gama tun 1940 aka kafa musu mujalla mai suna Trains a birnin Milwaukee, a Ingila ma tun 1942 Ian Allan ya fara buga wa yara ƙananan littattafai na lambobin kawunan jirgi.

To, yanzu abubuwa biyu sun tasam ma waɗannan mutane. Na ɗaya, ana ta rufe maƙetarai, watau wuraren da titin mota ya ratsa dogo. Na biyu, garuruwa da yawa sun sami izinin hana jirgi busa jiniya a cikinsu. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda abin ya ke, domin magana ce da ta haɗa ran mutane da barcinsu da sha'awarsu, ko wanne kuwa yana da nasa hakki.

DALILIN DA YA SA SU KE TARUWA A MAƘETARA

A Amurka yawancin dogo mallakar kamfanoni ne, irin su Union Pacific da BNSF da CSX da Norfolk Southern. Filin da dogo ya bi ta kansa nasu ne, wanda ya shiga ba da izini ba ya keta doka, ana iya cin tararsa ko a kai shi gaban alƙali. Saboda haka mai kallo ba shi da wurin tsayawa na halal sai dandalin tasha, ko kan gada, ko gefen titin jama'a. Tashoshin fasinja kuwa sun ragu ƙwarai tun da mota da jirgin sama suka kwashe matafiya. Abin da ya rage a ko wane ƙauye shi ne maƙetara. A nan ne babu shinge, an sare itatuwa don direbobin mota su hangi nesa, mai ɗaukar hoto kuma ya sami fili.

Jiniya ita ce ke yi musu sallama. Tun jirgi yana nesa su ke jin ta a maƙetarar da ke gaba da tasu, su san ta wane gefe zai ɓullo, su shirya. Bayan wannan, gwanayensu suna rarrabe jirage da muryar jiniya kamar yadda makiyayi ya ke rarrabe kukan shanunsa. Wani mutumin Kanada, Robert Swanson, shi ne ya ƙago ƙaho mai baki biyar wajen 1949, don ya maido wa jirgin dizal irin zaƙin usur na jirgin gawayi. Har yau mai kallo yana iya faɗa maka ko ƙahon Nathan ne ya ji ko na Leslie, bai ko ɗaga kai ba. Wani mai hoto, O. Winston Link, ya yi daga 1955 zuwa 1960 yana bin jiragen gawayi na kamfanin Norfolk and Western, yana ɗaukar hotonsu da dare, yana kuma naɗar kukansu a faifai. A 2004 aka buɗe gidan ajiye aikinsa a garin Roanoke.

YADDA DOKAR JINIYA TA SAMO ASALI

Abin da mai kallo ya ke jin daɗinsa, shi ne azabar mutumin da gidansa ya ke bakin dogo. Jirgin kaya ba ya bambanta dare da rana, a waɗansu garuruwa kuwa sai jirage da dama su wuce tsakanin lisha da asuba. Don haka tun da daɗewa garuruwa su ke neman a hana busa.

A 1984 Jihar Filorida ta ba garuruwan da ke kan layin Florida East Coast ikon hana jiniya da dare. Da Hukumar Reluwe ta Gwamnatin Tarayya, wadda a ke kira FRA, ta ƙididdige abin da ya biyo baya, sai ta tarar karon jirgi da mota da dare a waɗannan maƙetarai ya ƙaru da kashi 195 cikin 100, watau ya kusa ninki uku. Sai a 1991 ta ba da umurni na gaggawa a koma busawa. A 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka cewa lalle a busa jiniya a maƙetaran jama'a, ta kuma ɗora wa Hukumar nan tsara ƙa'idodi. Aikin ya ɗauki shekaru, sai ran 24 ga Yuni 2005 ƙa'idodin suka fara aiki.

Ga abin da suka ce. Direba zai fara busa tun saura sakan 15 zuwa 20 ya isa maƙetara. Busar kuwa kashi huɗu ce: doguwa biyu, gajera ɗaya, sa'an nan doguwa ɗaya wadda zai riƙe har kan jirgi ya hau maƙetara. Ƙarfin ƙarar kada ya gaza desibel 96, kada kuma ya wuce 110.

YADDA GARI YA KE SAMUN YANKIN SHIRU

Cikin waɗannan ƙa'idodi ne aka buɗe wa garuruwa ƙofa. Majalisar gari tana iya kafa abin da a ke kira yankin shiru, amma da sharuɗɗa. Tsawon yankin kada ya gaza rabin mil. Ko wace maƙetara ta jama'a da ke ciki sai ta kasance da fitilu masu walƙiya da sandunan tare hanya. Sa'an nan sai lissafi ya nuna cewa haɗarin da zai ƙaru saboda rashin jiniya an rama shi ta wata hanya, ko kuwa dama can bai kai ma'aunin da Hukuma ta yanka wa ƙasa duka ba.

Hanyoyin ramawa sanannu ne. Ana iya sa sanduna huɗu su tare titi duka, yadda mai gaggawa ba zai iya kewayewa ba. Ana iya gina dakali a tsakiyar titi, tsawon ƙafa 100, ko 60 in akwai mararraba kusa. Ana iya mai da titin hanya ɗaya. Ana kuma iya rufe maƙetarar ɗungum, wannan kuwa ya fi sauran arha. Ga inda al'amuran biyu suka haɗu ke nan: garin da ya ke son shiru sau da yawa ya kan sadaukar da maƙetara ɗaya ko biyu don ya same shi.

Ma'aikatan ofis za su gane cewa aikin takarda ne mai tsawo. Majalisa za ta aika wa kamfanin reluwe da hukumomin jiha takardar niyya, a ba su kwana 60 su faɗi ra'ayinsu. Bayan an gama gine-gine, waɗanda galibi gari ne ke biya, sai a sake ba da sanarwa aƙalla kwana 21 kafin a daina busa, a kuma kafa alluna masu gargaɗin cewa jirgi ba ya busa a nan. Akwai garuruwan da su ke neman shirun dare kaɗai, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe. Duk da haka direba yana da ikon busawa in ya hangi mutum ko mota a kan dogo, ko ma'aikata suna gyara. Kamfanin Union Pacific ma ya bayyana a fili cewa a ganinsa yankin shiru yana rage tsaro, ko da ya ke yana bin doka.

RUFE MAƘETARAI

Amurka tana da maƙetarai fiye da 200,000, in an haɗa na jama'a da na gonaki da masana'antu. A 1972, shekarar da aka kafa ƙungiyar wayar da kai mai suna Operation Lifesaver a Jihar Aidaho, karon jirgi da mota ya kai wajen 12,000 a shekara. A 'yan shekarun nan ya sauko wajen 2,000. Ma'aikatan reluwe sun daɗe da cewa maƙetarar da ta fi aminci ita ce wadda babu ita, gama jirgin kaya mai gudun mil 55 a awa ya kan ci mil guda ko fiye kafin ya tsaya bayan an taka birki. A dokar gine-gine ta 2021 Gwamnatin Tarayya ta ware dala biliyan 3 na shekara biyar don kawar da maƙetarai da gyara su.

A manyan birane kuwa har nutsar da dogo a ke yi. A 2002 aka buɗe layin Alameda mai tsawon mil 20 daga tashoshin jiragen ruwa na Los Anjelis, mil 10 daga ciki a cikin rami, aka huta da maƙetarai fiye da 200. A 2005 birnin Reno na Jihar Nebada ya yi irin wannan. Motar asibiti ta daina jiran jirgi, mazauna kuma sun sami barci. Amma mai kallo sai dai ya leƙa ta shingen waya ya ga rufin taragu.

ABIN DA MASU KALLO SUKA RASA

Asararsu iri uku ce. Sun rasa wurin tsayawa, domin in aka rufe maƙetara a kan tare titin da shinge, ciyawa ta rufe wurin. Sun rasa gargaɗi, domin jirgin zamani a kan dogon da aka narkar da mahaɗansa ba ya yin ƙarar da mutane su ke zato, sai dai ka gan shi a kanka. Sun kuma rasa muryar kanta. A waɗansu garuruwa an kafa lasifika a bakin maƙetara, tana fid da kukan jiniya da aka naɗa, tana fuskantar titi don kada ƙara ta bazu cikin unguwa. Tana aikin gargaɗi, amma murya ɗaya ce kullum, ba ta da hannun direba a ciki.

Abin tsoron shi ne wanda ya rasa wurin halal ya nemi na haram. A Amurka mutanen da jirgi ya ke kashewa suna tafiya a kan dogo sun fi waɗanda ke mutuwa a maƙetarai yawa. Jirgi kuwa ya fi dogonsa faɗi da wajen ƙafa 3 ta ko wane gefe. A Yuli 2018 jirgin gawayi mai lamba 844 na Union Pacific ya kashe wata mata da ta tsaya dab da dogo tana ɗaukar hotonsa a Jihar Kolorado. Shi ya sa tun da aka farfaɗo da ƙaton jirgin nan Big Boy mai lamba 4014 a 2019, kamfanin ya ke ta jan kunnen 'yan kallo su ja da baya ƙafa 25.

DABARAR WAƊANSU GARURUWA

Akwai garuruwan da suka lura cewa mai kallo baƙo ne mai kuɗi a aljihu, zai ci abinci, ya sha mai, ya kwana. Garin Rochelle, yamma da Shikago, inda layin Union Pacific ya gitta na BNSF, ya buɗe filin kallon jirgi a 1998, da rumfa a kan tudu da wurin ajiye mota. Folkston ta Jihar Jojiya, inda jiragen CSX masu shiga Filorida su ke haɗuwa, ta gina dandali a 2001, har da na'urar da ke jiyar da maganar direbobi ta rediyo. Fostoria ta Jihar Ohayo ta bi sahu a 2013. Wannan ma ba sabon tunani ba ne, gama tun 1879 aka yi wurin kallo a lanƙwasar dogo da a ke kira Horseshoe Curve kusa da Altoona.

Su ma masu kallon sun sake rawa da kiɗa ya sake. Sun koma sauraron rediyon reluwe, inda na'urorin da ke duba ƙafafun taragu su ke faɗin inda jirgi ya kai. Waɗansu kuma suna kallo daga ɗakunansu ta kyamarorin da aka kafa a tashoshi, su ke watsawa dare da rana a YouTube. A 2006 kamfanin BNSF ya fito da wani shiri na rajistar masu kallo don su riƙa ba da rahoton ɓarna ko abin da ba su yarda da shi ba, watau ya mai da su idanunsa.

RA'AYINMU

In aka ɗora sha'awa da rai a kan ma'auni, ba sai an tambayi wanda zai rinjaya ba. Gargaɗi aka yi jiniya dominsa, daɗin da mai kallo ya ke ji ƙari ne. Ma'aikacin da zai tashi da asuba yana da hakkin barci, maƙetarar da ta saba cin rayuka kuma gara a rufe ta. Amma labarin Filorida ya isa darasi cewa shirun da ba a biya kuɗinsa da sanduna da dakali ba, da jini a ke biyansa.

Shawararmu ita ce duk majalisar da za ta rufe maƙetara ta tuna cewa mutane ba za su daina zuwa kallo ba don an kafa shinge. Kuɗin ɗan dandali mai benci da katanga kaɗan ne in aka gwada da na gada. Malamai kuma, a duk ƙasar da dogo ya ratsa, su koya wa yara abu guda: kada su dogara ga kunne. In sun zo dogo su tsaya, su dubi dama da hagun, su ƙetare ta inda aka tanada kaɗai, ko an busa jiniya ko ba a busa ba.