Hannun Gilashin Mota: Hakin Da Ka Raina Shi Ke Tsone Maka Ido

Duk wanda ke bin motocin haya tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Magarya da Ɓaɓura, ya san wannan magana ta fasinja: "Direba, miƙo mana hannun gilashi." A da yawa daga cikin tsofaffin motocin da ke ɗaukar mu da kayanmu zuwa kasuwa, ƙofa huɗu ce amma hannu ɗaya ne, shi ma yana ajiye wurin direba, sai an roƙa. Wata motar ma babu ko ɗaya, sai filaya. Mun saba da abin har mun daina ganinsa a matsayin matsala, alhali kuwa wannan ɗan hannu, wanda a Faransanci ake kira manibel, yana iya zama shi ne tsakanin mutum da asarar dukiya, kai har ma da asarar rai.

Motocin da muke magana a kansu ba na jiya ba ne. Fijo 504 ta fito a 1968, an kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Fijo 505 ta biyo baya a 1979. Ga kuma tsofaffin Toyota Corolla da Starlet da Hiace da Golf waɗanda suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan sun gama aiki a Turai. Galibinsu da hannu ake ɗaga gilashinsu, kuma an yi shekaru aru-aru ana murza su safe da yamma.

Me ke karya shi?

Idan aka cire hannun za a ga wata ƴar sandar ƙarfe mai ƙananan haƙora ta leƙo daga cikin ƙofa. Ita ce ke juya injin da ke ɗaga gilashi, wanda a wasu motoci ƙarfe ne mai kama da almakashi, a wasu kuma waya ce ke ja. A cikin ramin hannun ma akwai haƙora da ke shiga cikin na sandar. Sai dai hannun da roba ko sassauƙan ƙarfe ake yin sa, sandar kuwa ƙarfe ce mai ƙarfi, saboda haka idan aka matsa, haƙoran hannun ne ke fara cinyewa. Wannan ma rahama ce, domin mai arahar ne ya lalace, mai tsadar ya tsira.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, sau da yawa hannun ba shi da laifi. Gilashin ne ya yi tauri. Ƙurar hunturu da yashin hanya suna cika kwarin robar da gilashi ke bi, rana ta busar da robar, giris ɗin injin ya daskare ya zama kamar laka. Daga nan sai fasinja ya sa hannu biyu yana murzawa da ƙarfin tsiya, sai a ji ƙas. Wanda ya sayi sabon hannu ya sa bai duba taurin gilashin ba, to ya shirya sayen wani kafin wata ya zagayo.

Ita kuwa filaya, ita ce babbar ɓarna. Duk lokacin da aka damƙe sandar da ita aka juya, tana ɗan cin haƙoran. Ranar da suka ƙare, babu hannun da zai sake kamawa, dole a buɗe ƙofa a canja injin gaba ɗaya. Gyaran da bai wuce kuɗin kati ba ya koma aikin yini guda a gareji, motar kuma ta rasa lodin ranar kasuwa.

Yadda ake cire tsohon

Kafin a taɓa komai, a ɗaga gilashin ya rufe, a lura da inda hannun ɗaya ƙofar ya fuskanta, domin a maida sabon daidai, kada ya riƙa dukan gwiwar mai zama. Sannan a duba yadda aka ɗaure shi, tunda kowane kamfani da irin dabararsa.

A yawancin motocin Japan, wata ƴar waya ce mai siffar kofaton doki ke riƙe da shi ta baya. Ana danna marfin ƙofa ciki kaɗan, a zura bakin tsumma tsakanin hannun da ƙofar, a riƙa jan tsumman hagu da dama har ya kamo wayar ta fita. Ana iya amfani da waya mai lanƙwasa a kai. A kula, domin takan yi tsalle ta ɓace cikin yashi, kuma ba tare da ita ba sabon hannun ba zai tsaya ba.

A wasu motocin, irin su tsofaffin Golf, sukuru ne a tsakiya, ɓoye ƙarƙashin murfin roba. A ɗaga murfin da siririyar sukurudireba a kwance shi. A Golf na baya kuma zobe ne na roba a gindin hannun, wanda ake turawa gefe ɗaya sai hannun ya saku. Akwai ƙananan Fijo irin su 205 da jan sa kawai ake yi kai tsaye. Abin da ba a so shi ne a sa ƙarfe a ɓanɓare shi kafin a gane irin ɗaurinsa, domin ta haka ake yaga marfin ƙofa.

Saye da sakawa

A tafi kasuwa da tsohon hannun a aljihu, ko Katako ce a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko wurin masu kayan gyara na bakin tasha. Kaurin sandar da yawan haƙoranta sun bambanta daga mota zuwa mota, kuma hannun da ya shiga da sako-sako zai ci haƙoran sandar kamar yadda filaya ke yi. Sau da yawa na asali da aka ciro daga mataccen mota ya fi sabon roba mai ƙyalli ƙarko. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A tabbata an haɗo da wayar ko sukurun, da faifan robar da ke zama tsakanin hannu da ƙofa.

Kafin a saka, a wanke kwarin gilashin da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe. Idan an samu man silikon na fesawa, shi ne daidai. Kada a zuba baƙin mai, domin yana lalata roba, yana kuma tara ƙura. Idan har yanzu da tauri, sai a cire marfin ƙofa a goge tsohon giris a shafa sabo. Mai wannan aiki ya tokare gilashin kada ya faɗo masa, ya kuma kiyayi yatsunsa daga sifirin da ke jikin injin. Daga nan, in mai waya ne, a fara maida wayar jikin hannun, a daidaita shi a kan sandar, a buga da tafin hannu har a ji ya kama. A sauke gilashin a ɗaga sau biyu ko uku. In yana tafiya da yatsu biyu, aiki ya yi.

Abin da ya fi kuɗi

Ɗan kasuwa ya san abin da gilashin da ya ƙi rufuwa ke jawowa: ruwan sama a kan atamfa da shadda, ƙura a kan kayan masarufi, ga ɓarawon tasha da hannu kawai zai zura. Wanda ya ƙi buɗuwa kuma ya fi muni. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ga mutane a cunkushe, ga mata da jarirai, wani lokaci ga jarkokin fetur da hayaƙin salansa mai yoyo a cikin mota.

Sannan ga damina. Mun ga yadda ambaliyar 2024 ta yanke hanyoyi a Nijar da maƙwabtanta, kuma har kullum akwai direban da zai ce bari ya gwada ƙetare gulbi. Idan mota ta faɗa ruwa, ƙofa ba ta buɗuwa saboda nauyin ruwan da ke danne ta daga waje. Masana harkar ceto suna ba da shawarar a kwance bel, a sauke gilashi nan take, a fara fitar da yara, duk cikin minti na farko. A nan tsohuwar mota ta fi sabuwa, tunda hannunta bai dogara da batir ba. Amma wannan fifiko ba shi da amfani idan hannun yana aljihun direba, fasinjan baya kuwa sandar ƙarfe ce kawai a gabansa.

Direbobi suna cewa fasinja ne ke karyawa ko sacewa, shi ya sa suke cirewa. Akwai gaskiya a ciki, kuma mu fasinjoji sai mu gyara, in gilashi ya ƙi tafiya a faɗa wa direba maimakon a yi kokawa da shi. To amma maganin ba shi ne a kulle mutane ba. Muna kira ga shugabannin tashoshi da ƴan kamasho da su sa wannan cikin abin da ake dubawa kafin mota ta shiga layi, kamar yadda ake duba taya da birki. Ku kuma ƴan kasuwa masu ɗaukar shatar mota, kafin ku ɗora kaya ku murza hannun kowace ƙofa ku gani. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida lafiya.