Jatan Lande Ɗan Dambe Da Yadda A Ke Kiwonsa A Ɗaki

A Turai da Amurka akwai mutanen da su ke kiwon dabbobin teku cikin akwatin gilashi a ɗakunansu, kamar yadda mu ke kiwon tantabaru. Cikin abin da su ke kiwo ba mai ban mamaki kamar wani ɗan'uwan jatan lande, wanda hannuwansa na gaba su ke naɗe kamar na ƙoƙiƙoƙi. Irinsa ya fi 400. Waɗansu sukan soke kifi kamar da mashi, waɗansu kuwa duka su ke yi, su ne mu ka kira 'yan dambe.

Wanda aka fi so shi ne mai launin ɗawisu, wanda ke zaune cikin ramuka a Tekun Indiya da Tekun Pasifik. Tsawonsa bai wuce inci 7 ba, amma raina kama ka ga gayya. A shekarar 2004 masana a Amurka suka auna naushinsa, suka tarar saurinsa ya kai wajen mil 50 cikin sa'a guda. Saboda tsananin sauri har ruwa ya kan yi kumfa, kumfar ta fashe, ta ƙara wa abin da aka doka wani bugun. Da haka ya ke fasa kaguwa da dodon koɗi ya ci. A 1998 ma wani ya fasa gilashin akwatinsa a wani gidan kallon kifi a Ingila.

To, wanda ya yi niyyar kiwonsa lalle ne ya kiyaye abu biyar. Na farko, akwati ya zama mai kauri, an kuwa fi son na roba mai kama da gilashi, don ba ya saurin tsagewa. Na biyu, gishirin miya ba ya yi, sai gishirin teku da a ke sayarwa musamman, wajen giram 35 cikin kowace lita, ruwan kuma ya zama mai ɗumi, wajen digiri 25. Kada a yarda maganin kifi mai tagulla ya shiga, gama dafi ne gare shi. Na uku, a zuba yashi da duwatsu, a sa guntun bututu ya zama raminsa. Na huɗu, a bar shi shi kaɗai. Wanda ya haɗa shi da kifi masu tsada, ya wayi gari da hasara. Na biyar, kada a sa hannu a ruwan, sai a miƙa masa abinci da dogon tsinke, don ya kan tsaga yatsa.

Akwai kuma lokacin saɓa. Sa'an nan ya kan toshe bakin raminsa, ya ƙi abinci kwanaki, jikinsa ya yi laushi. Mai gaggawa ya kan zaci ya mutu ne, ya tone ramin, ya halaka shi da hannunsa. Haƙuri kaɗai ne maganin wannan.

Malaman makaranta su lura da idonsa: namu na da na'urar gane launi iri 3, nasa iri 12. Duk da haka binciken da aka buga a 2014 ya nuna mun fi shi rarrabe launuka masu kama da juna. Ashe yawan kayan aiki ba shi ne gwaninta ba. Wannan darasi ne da ya kamata yara su ji.