Da jirage suka kwanta, ma'aikatansu suka fara neman wata sana'a

A watan Maris na 2020 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram saboda annobar korona, ba a sake buɗe su ga fasinjojin ƙasashen waje ba sai 1 ga Agusta. A Bambeye da sauran ƙauyukan Adar, inda gidaje da yawa ke jiran aike daga 'yan cirani, kowa ya san yadda cefane ke tsayawa idan hanya ta toshe. Haka ta faru ga ma'aikatan jirage.

Fargabar kamuwa da cuta a cikin jirgi cike da mutane ta taka rawa, amma abin da ya fi karya musu gwiwa shi ne kuɗi. Wani ɓangare mai kauri na abin da matuƙi da mai hidimar fasinja ke samu alawus ne na awoyin tashi. In jirgi bai tashi ba, babu shi. A Najeriya, kamfanin Arik ya zaftare kashi 80 cikin ɗari na albashin Afrilun 2020, sannan ya tura yawancin ma'aikatansa hutu ba biya. A Agusta, Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70. Aikin Hajji, wanda kamfanoni irin Max Air ke dogara da shi, ya tsaya shekara biyu, domin Saudiyya ba ta karɓi maniyyata daga waje ba a 2020 da 2021.

Matuƙi kuwa yana da wata damuwar daban. Doka ta ce sai ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. Wanda ya daɗe a gida sai ya koma horo, horon nan kuwa yana da tsada, galibi a ƙasar waje ake yin sa. Magidanci mai iyali ba zai yi ta zaman jiran ranar da babu wanda ya sani ba, kuma ba a ganin laifinsa.

Da yawa da suka koma kasuwanci ko wasu ayyukan ba su dawo ba. A Yulin 2022, ƙarancin ma'aikata ya tilasta wa filin Heathrow na Landan ƙayyade fasinjoji masu tashi zuwa 100,000 a rana.