Gargaɗi ga masu ofisoshi a Fagge da Sabon Gari: a binciki layin kwamfuta yau

Wannan kira ne ga masu filaza da 'yan hayar da ke cikinta, daga Kantin Kwari zuwa Wapa, daga Titin Ibrahim Taiwo har kasuwar Muhammad Abubakar Rimi ta Sabon Gari. Alhazai da Hajiyoyi, idan ofisoshinku na shan intanet daga rauta ɗaya, kuma kuna ajiye lissafi da takardu a sava ɗaya, ku kira mai haɗa muku layi yau ɗin nan, kada a ce sai an huta.

Ga yadda abin yake a gine-gine da yawa. Ɗan canji na sama, mai tikitin jirgi da bizar Umara na tsakiya, dilan atamfa na ƙasa. Don rage kashe kuɗi aka haɗu aka sayi sava ɗaya. Mai haɗin ya ba ofishin farko lambobin da suka fara da 192.168.10, na biyu 192.168.20, na uku 192.168.30, ya kaɗe hannu ya ce, "Alhaji, an raba ku." Wallahi sau da yawa ba a raba komai ba. Aikin rauta tun asali shi ne kai saƙo daga wannan rukuni zuwa wancan, kuma muddin ba a rubuta mata dokar hani ba, kowa zai wuce. In kuma duk wayoyin sun haɗu a ƙaramin suwic mai arha wanda ba a iya saita shi, yaron da ya ɗan san kwamfuta zai canza lambarsa zuwa ta maƙwabci ya leƙa cikin minti kaɗan. Fasfon mahajjata, lambobin asusun banki, sunayen masu bashi, duk suna fili.

Kada wani ya ce ai mu ƙanana ne, wa zai kula mu. Cutar kwamfuta ba ta tambayar girman jari. A watan Mayun 2017 wata manhajar ɓarna mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ta ƙofar raba fayil ta Windows, mai lamba 445, ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wato ƙofar da ofisoshinku ke bi su isa sava. Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba su suka sha wuya. A 2013 ma ɓarayi sun shiga kamfanin Target na Amurka ta hanyar kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri, suka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40.

Abin da za ku nema a yi muku a bayyane yake. A sayi suwic mai saiti, a ba kowane ofis VLAN nasa, wato keɓaɓɓen layinsa a cikin suwic ɗin. A rubuta doka a rauta, ko MikroTik ce ko wata, cewa kowane ofis zai iya isa sava ta ƙofar da aikinsa ke buƙata kawai, amma tsakanin ofis da ofis a rufe gaba ɗaya. Ita kanta savar a ware ta a rukuninta, kuma a hana ta fara neman kwamfutocin ofisoshi ba dalili. Wi-Fi na baƙi da na'urar kyamarar tsaro su ma a ware su, don nan ne aka fi barin kalmar sirrin da aka zo da ita daga kamfani.

Inda na fi jin tsoro shi ne savar. Kamar rijiyar gidan haya take: kowa ya kulle ɗakinsa, amma in aka zuba guba a ciki kowa zai sha. Don haka kowane ma'aikaci ya samu sunansa da kalmar sirrinsa, kowane ofis da jakarsa wadda wani ba zai buɗe ba. A daina liƙa kalmar sirrin babban mai kula a jikin allon kwamfuta. Yaron da ya bar aiki a soke sunansa ranar da ya tafi. Savar da ke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa gyara tun Janairun 2020, ba ta dace da amanar mutane ba, kuma Windows 10 ma ta bi sahu a Oktoban 2025.

Kada ku karɓi aikin da baki. Ku zauna a kwamfutar ofis ɗaya, a gaban mai haɗin, ku ce ya nemo firintar maƙwabci ko ya buɗe jakarsa. In ta buɗe, aiki bai ƙare ba, kuma kada a biya cikon kuɗi.

A kuma riƙa kwafe bayanai a faifan da ake cirewa a kai wani gini. Mutanen Sabon Gari ba su manta gobarar 2016 da ta ci dubban shaguna ba, na Kwari kuma sun ga ambaliyar ruwan 2022.

Akwai kuma doka a kan tsare bayanan mutane. Tun Yunin 2023 Najeriya ke da Dokar Kare Bayanai, kuma idan bayanan abokan cinikinku suka fita ta yadda za su cutu, wajibi ne ku sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Mai riƙe da bayanan shi za a tambaya, ba mai jan waya ba. Shugabannin layi da na ƙungiyoyin kasuwa, don Allah ku karanta wa mutanenku wannan a zamanku na gaba.