Motar da Ke Rasa Ƙarfi Bayan Azahar

Da safe motar ba ta da laifi ko ɗaya. In ta bar unguwar Zongo a Faraku, wato Parakou, bayan sallar asuba, ta kama titin Jugu, tafiyar kilomita kusan 135, kafin rana ta yi zafi ta isa, ba tari ba gargada. A dawowa ne take zama wata mota daban. Tun kafin a kai rabin hanya, in aka taka totur don a wuce tirela, sai ta ɗan yi fizga, ta yi nauyi, wani lokacin fitilar injin ta ƙifta sau biyu ko uku ta ɗauke. Washegari da safe kuma garau.

Mai motar ɗan yayata ne, matashi mai harkar yazawa, wanda kakar saye ke kai shi Jugu kusan kullum daga watan Maris. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, don ta Jugu ayarin fatake ke bi daga Kano zuwa Gwanja neman goro tun kafin Turawa su zo. Sai dai su da jakuna suke bi, shi kuwa da Golf GTI ƙirar 2010, 'yar Kwatano, mai takardun Jamus. Injinta lita 2 ne mai turbo, ƙarfin doki 210 a rubuce. Ni dai ban ga abin da ya haɗa irin wannan mota da buhunan yazawa ba, amma kuɗinsa ne.

Mai aka fara zargi, kuma ba a zalunce shi ba. Duk wanda ya san Jamhuriyar Benin ya san kwalaben nan da ake jerawa kan tebur a bakin titi cike da fetur, wanda suke kira kpayo. Daga Najeriya ake tsallako da shi a jarka, a nan arewa ta wajen Nikki da Chikanda, kuma shekara da shekaru shi mafi yawan motoci da baburan ƙasar ke sha. Bayan Shugaba Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 farashinsa ya kusa ninkawa, amma kwalaben ba su bar bakin titi ba. Yaron ya saba ƙara mai a Jugu kafin ya juyo, to lissafi ya fito da kansa: zuwa lafiya da man Faraku, dawowa ba lafiya da man Jugu.

Bakaniken da muka je wurinsa dattijo ne da ya tsufa a gyaran manyan motocin da a da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Faraku zuwa Nijar. Ya zuƙo mai daga tanki ya zuba a kwalba, ya ajiye ta a inuwa. Da akwai ruwa da ya kwanta a ƙasa. Ba a ga komai ba. Masu cewa ana gauraya shi da kananzir ya ce su je su tambayi farashin kananzir a Najeriya tukuna, don ya fi fetur tsada, kuma ba wanda ke cuta da asara. Sannan ya ce a cika tankin a gidan mai a Faraku, lita 55 ta isa zuwa da dawowa, kada a ɗiga ko ɗigo a Jugu. Aka yi haka. Motar ta ɗan sassauta, amma a dawowa ta sake yin nauyinta. Wato mai yana da hannu a ciki, sai dai ba shi kaɗai ba ne.

Daga nan aka koma kan wuta. Duk motar fetur da aka sayar a Turai daga 2001 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ta rubuta. Yaron gareji mai riƙe da na'urar ya karanto P0300, ma'ana wuta na tsallake bugu a silinda fiye da ɗaya. Aka canza fulogi huɗu, waɗanda a can suke kira buji, aka canza kwail. Fizgar ta ragu, fitila ta daina ƙiftawa, nauyin kuwa yana nan. Na lura dattijon ya ɗauki ɗaya daga tsofaffin fulogin ya daɗe yana juya shi a rana. Farin tangaran ɗin bakinsa yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an barbaɗa masoro. Bai ce komai ba, ya jefa shi a aljihu.

A lokacin masu ba da shawara sun yi yawa, kuma bakinsu ya zo ɗaya: turbo ne, a aika Kwatano a sayo wani.

"Baba, ko dai turbon ne ya gaji?" in ji yaron.

"Ɗana, turbon da ya gaji ba ya duba agogo. In ya mutu, da asuba ma matacce ne."

Duk da haka ya cire bututun ya taɓa fankar da yatsa, ba ta lilo. Salansa ba ta fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai ba ya raguwa. Maganar agogon nan ita ta buɗe hanya, don ya ce a juya tafiyar: a bar Faraku bayan azahar, a dawo bayan isha'i. Sai ga shi motar ta yi nauyi a hanyar zuwa Jugu, da dare kuma ta dawo tana tashi. Jugu ta fita daga zargi, zafin rana ya shiga.

Amma allurar zafi ba ta taɓa gusawa daga 90 ba, shi ya sa tun farko ba wanda ya kawo zafi a ransa. Allurar nan zafin ruwan lagireto take nunawa, ba ta san komai game da iskar da injin ke shaƙa ba. Turbo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, fanka biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin salansa na juya ɗaya, ɗayar na danna iska cikin injin, a gudun da ya wuce juyi 100,000 a minti. Iskar da aka matse zafi take yi sosai, don haka sai an bi da ita ta wani ƙaramin lagireto na iska ta huce kafin ta shiga. A wannan Golf ɗin, mai sanyaya iskar a tsakiya yake, gabansa ragar na'urar sanyaya ɗaki, bayansa lagireto. Da safe yaron gilashi yake saukewa. Da rana, a watan Maris da Afrilu da zafi ke kusantar 40 a arewacin Benin, sanyi yake kunnawa, ragar gaba ta riƙa hura zafinta kan mai sanyaya iskar. Aka gwada kashe sanyi ana tsakiyar tafiya, motar ta ɗan farfaɗo.

Da aka kwance gaban motar aka raba ragogin uku, sai ga abin da ba a gani daga waje. Borgu ƙasar auduga ce, kuma tun daga Disamba manyan motoci ke jigilarta zuwa injinan gurza, tana tashi a iska tana bin titi. Ita ce ta haɗu da jar ƙasa da ƙurar hunturu ta yi kauri tsakanin ragogin, har sai da aka ɓamɓare ta da hannu. Aka wanke, aka mayar. Motar ta samu sauƙi sosai, yaron har ya biya kuɗin aiki ya yi godiya.

Dattijon ne bai gamsu ba, saboda fulogin da ke aljihunsa. Ɗigon nan ƙananan ɓarɓashi ne da ke mannewa idan injin na ƙwanƙwasa. A ƙa'ida fulogi ke kunna cakuɗen mai da iska, wutar ta bazu a hankali ta tura fistin. In matsi da zafi suka yi yawa, ragowar cakuɗen kan fashe da kansa kafin wutar ta iso shi, ya daki kan fistin. Ƙarfin fetur na jure wannan shi ake aunawa da lambar oktan. A Turai na yau da kullum 95 ne, mai tsada 98. A yankinmu, ƙa'idar da ECOWAS ta amince da ita a 2020 ta sa mafi ƙaranci 91. Kpayo kuma da ya yini a kwalba cikin rana, sassansa masu saurin tashi sun gudu, lambarsa ta ƙara sauka; dalilin da ya sa man gidan mai ya ɗan taimaka ke nan. Injin yana da kunne, wata 'yar na'ura da aka ɗaure a jikinsa tana sauraron ƙwanƙwasar. Da ta ji, ƙwaƙwalwa sai ta jinkirta wuta, in abin ya ci gaba ta rage matsin turbo, ta ƙara zuba mai don sanyaya hayaƙi. Nauyin da direba ke ji a ƙafarsa, injin ne ke kare kansa.

Tambayar dattijon ita ce: kamfani ya san za a kai motarsa ƙasashe masu zafi da mai mara ƙarfi, yakan bar rata saboda haka. Wasu motoci masu turbo suna bin hanyar nan da man nan, ba sa barbaɗa wa fuloginsu komai. Me ya cinye ratar wannan?

Amsar tana ƙarƙashin mota, kuma kowa ya gan ta tun ranar farko. Tukunyar tace hayaƙi da ke bayan turbo babu ita. Ba wanda ya damu, don an saba: cikinta akwai ƙarafa masu tsada, kuma sanannen abu ne motocin da ake turowa Afirka da yawa sukan iso an yanke musu ita. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, wanda ya ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, ya ambaci wannan. Amma ɓarawon tukunya da zarto yake aiki, ya liƙa guntun bututu da walda ya wuce. Na wannan motar bututu ne mai faɗi na ƙarfen da ba ya tsatsa, an lanƙwasa shi daidai, an ɗaure da kusoshi masu kyau. Wanda ya sa shi kuɗi ya kashe.

"Kawu, to in babu tukunyar, ai fitila ya kamata ta kama," yaron ya ce da ni, kuma gaskiyarsa. Akwai na'urar auna hayaƙi a bayan tukunyar, wadda in ta ga ba a tace komai ba sai ta rubuta P0420 ta kunna fitila. Na'urar garejin ba ta taɓa karanto wannan lamba ba. Mota ba ta mantuwa da kanta. Wani ne ya shiga ƙwaƙwalwarta ya hana ta faɗa.

Saura tabbatarwa. Yaron gareji ya zauna a kujerar gaba da kwamfuta a cinya, aka hau titi da tsakar rana, aka taka a giya ta huɗu. Matsin turbo, wanda a irin wannan mota daga kamfani yakan tsaya wajen bar 1, ya haura 1.4, kuma a daidai lokacin ƙwaƙwalwa na janye wuta a silinda huɗu gaba ɗaya. Shi kuma tsallaken wutar da aka fara gani ya sami bayani: matsi in ya ƙaru, tartsatsi na shan wuya kafin ya tsallaka bakin fulogi, tsohon fulogi kuwa ya kasa.

Wannan sana'a ce babba a Turai da Amurka. Ana jona kwamfuta a kafar nan mai ramuka 16, a sauya jadawalin da ke gaya wa injin yawan matsi da mai da lokacin wuta. Mataki na ɗaya, ba a taɓa ko kusa ɗaya ba, yakan kai irin wannan injin wajen doki 250. Mataki na biyu shi ne wanda ke tafiya da faffaɗan bututu, kuma galibi don mai 98 ake rubuta shi. Ƙarin dokin ba daga sama yake faɗowa ba, ratar da kamfani ya bari ce ake sayar wa mai mota. A Jamus, inda ake samun 98 a gidajen mai kuma zafi irin namu baƙo ne, cinikin na iya yin kyau, ban ga laifin wanda ya rubuta ba. Sai dai can ma mota mara tukunyar tace hayaƙi ba ta wuce binciken hukuma, kuma ina zaton wannan na cikin abin da ya sa aka ɗora ta a jirgin ruwa. Takardun da suka biyo ta ba su ce komai ba, dillalin da ya sayar ma ba na jin ya sani.

Gyaran sai da aka gangara Kwatano, tafiyar sama da kilomita 400, wurin mai kayan aikin da zai mayar wa ƙwaƙwalwar jadawalinta na asali. Aka nemo bututu mai tukunya na hannu aka ɗaura, don in ba haka ba fitilar da aka toshe wa baki za ta kama. An leƙa cikin silinda da ƙaramar kyamara, fistin ɗin da sauran ƙarfinsu. Yanzu motar ba ta tashin nan na asuba da yaron ke alfahari da shi, har ya yi ta ƙunƙuni cewa an rage masa mota. Amma yadda take da safe haka take da azahar, da sanyi a kunne, kuma shan manta ya ragu.

Duk mai shirin sayen mota mai turbo a Kwatano, kafin ya ƙirga kuɗi ya sa a ɗaga ta a duba bututun da ke bayan turbo, a jona kwamfuta a auna matsi a kan titi da rana tsaka. In aka tarar an taɓa ƙwaƙwalwarta, a cire kuɗin mayar da ita daga farashi, ko a bar wa dillali kayansa.