Gocewar Ƙashin Baya da Saƙon Jijiya: Falsafar Kairofaraktik da Ɗorin Hausawa

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, inda noman rake da masara da tumatir ke sa mutum ya wuni a sunkuye, ciwon baya da na ƙugu ba baƙo ba ne. Wanda abin ya sama yakan nufi maɗori ko mai tausa, bayanin da yakan ji kuwa shi ne ƙashi ya goce, ko jijiya ta harɗe. Irin wannan bayani ne aka gina wa makarantu da falsafa a Amurka da sunan kairofaraktik.

Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1895 a garin Davenport na jihar Ayowa. Ya yi iƙirarin cewa ya danna wata gaɓa a gadon bayan wani kurma mai suna Harvey Lillard, sai jinsa ya dawo. Daga nan ya ɗora ra'ayin cewa akwai wata basira ta halitta da ke gudana cikin jijiyoyi, kuma ƙaramar gocewar gaɓar baya tana toshe ta. A ganinsa, kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga wannan toshewa suke.

Binciken saƙon jijiya bai goyi bayan wannan ba. Tun a 1850 Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙon a jijiyar kwaɗo, ya samu kimanin mita 30 a daƙiƙa. A 1952 Hodgkin da Huxley suka nuna cewa saƙon motsin lantarki ne da shige da ficen sinadaran sodiyam da fotasiyam ke haifarwa a fatar jijiya. Abu ne da ake aunawa, saɓanin basirar Palmer da ba ta da ma'auni. Jijiyar ji ma daga ƙwaƙwalwa take zuwa kunne, ba ta bi ta gadon baya. A 1973 Edmund Crelin na Jami'ar Yale ya gwada matsa ƙashin bayan gawawwaki da murɗa shi, ya ga jijiyoyin ba sa matsuwa sai ƙarfin ya kai na karya ƙashin. A 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya da kanta ta bayyana cewa babu hujjar bincike da ta danganta irin wannan gocewa da cututtuka. Abin da ya rage shi ne sauƙi matsakaici ga ciwon ƙugu, kwatankwacin na motsa jiki.

A nan ne lamarin ya shafi manazarcin Hausa. Kalmar "jijiya" guda ɗaya ta ƙunshi hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo daga laka. Idan aka juya ra'ayin Palmer zuwa Hausa, sai ya zauna daram a kunne, domin Bahaushe ya san hanyar jini tana toshewa, ya san agara tana harɗewa. Kalmar ce ke ara wa da'awar gaskiyar da ba tata ba. Kuma a yi wa maɗori adalci: aikinsa na gado karaya ne da targaɗe da gocewa, bai saba cewa danna baya yana maganin kurumta ba.

Matsewar jijiya ta haƙiƙa akwai ta, kamar idan faifan da ke tsakanin gaɓoɓin baya ya bulluƙo ya danne saiwar jijiya, zafi ya sauka har ƙafa. Akwai kuma tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke cinye gaɓa har ya fitar da doro. Murɗa irin wannan baya da ƙarfi na iya shanye ƙafafu. Saboda haka ciwon bayan da ya zo da rama, ko zazzaɓin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, yana buƙatar hoton ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kafin kowa ya sa masa hannu.