Kududdufin bayan gida kafin sanyi ya sauka

A ƙauyenmu da ke kusa da Mai Wurno, kudu da Sinnar, kakata ba ta duba kalanda. Da zarar ta ga Bahar Azrak ya fara ja da baya a watan Oktoba, iskar arewa ta soma busar da leɓe, sai ta ƙwala mini kira: "Kai ɗan nan, ɗauko manjagara, kududdufi na jiranka."

Ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidanmu ne ya zama kududdufin. Damina ta cika shi, da shi muke ban ruwan ɗan lambun albasa da yakuwa. Amma kafin sanyin da Larabawan nan ke kira shita ya kankama a Disamba, sai an raba abin kirki da na banza a cikinsa.

Kainuwa ake fara kwashewa, kaf, ba a bar ko ɗaya. Ga ta kore shar, gwanin ban sha'awa, amma a saiwarta 'ya'yan sauro ke laɓewa, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ma nan take samun mafaka. Duk wanda ya yi noman hawasha a Jazira, inda ruwan madatsar Sinnar ke bin magudanai tun 1925, ya san yadda ciyawar ruwa da wannan cuta suke tafiya tare. Mukan baza kainuwar a rana nesa da bakin ruwa, in ta bushe ta zama taki. Kacalla kuwa a yanke ta ƙasa-ƙasa kafin kanta ya fashe iska ta watsa irin.

Bado ne kaɗai ɗan gata. Ganyen da ya ruɓe ake tsincewa, a bar tushen cikin laka. Ko ruwan ya ƙafe ƙasa ta tsage, yana nan da ransa har damina ta dawo. Kakata takan tono kaɗan ta dafa mana, tana cewa abincin iyayenta ne a hanyar gabas.

Shekarar da na fara fatauci zuwa Gadarif ban dawo kan lokaci ba, ba wanda ya taɓa kududdufin. Ruwa ya ragu, yara suka mai da shi wurin wanka da kamun tarwaɗa. Bayan 'yan watanni uwargida ta kira ni, wai babban ɗanmu na fitsarin jini. An ba shi magani ya warke, alhamdulillahi, amma kunyar da na ji a gaban likita har yau ban manta ba.

Yanzu duk inda kasuwa ta kai ni, kuɗin Oktoba da nake turawa gida akwai na takalmin roba mai tsawo da safar hannu, don kada mai aikin ya shiga ruwan da ƙafa tsirara. Jiya ƙanena ya aiko mini da hoto ta WhatsApp: tulin kainuwa na shan rana, an dasa albasa a gefen da ruwa ya janye.